Wurno, Garin Bello a Kan Tudu

In ka tashi daga Sakkwato ka nufi arewa maso gabas, ka bi hanyar Marnona, za ka iske wani tsohon gari zaune a bisa tudu, gulbin Rima yana gudana a ƙarƙashinsa. Wurno ke nan. Kada ka wuce shi da gaggawa, gama nan ne kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

Bello ya ci sarauta a shekarar 1817, bayan rasuwar Shehu. A zamanin nan ƙasa ba ta kwanta ba tukuna. An ci Alƙalawa tun 1808, amma Gobirawa ba su sallama ba, kullum suna kawo hari daga arewa, su da Katsinawan Maraɗi da waɗansu Buzaye. Manomi ya kan fita gona da safe bai san ko zai komo gida ba. To, sai Bello ya yi shawara ya kafa garuruwan tsaro a bakin iyaka. Irin garin nan shi malamai ke kira ribaɗi, watau wurin da jarumawa ke zama da iyalinsu suna tsaron ƙasa. Ya umurci Filani makiyaya su zauna cikinsu, su yi noma, su yi kiwon dawaki, su sa 'ya'yansu karatu.

Wurno shi ne babbansu. Ka hau tudun nan da kanka, ka duba, za ka gane dalilin da ya sa aka zaɓe shi. Mai tsaye a bisa yana hangen ƙurar dawaki tun daga nesa. Da damina kuwa ruwa ya kan cika fadama, mahayi ba shi da wurin ƙetarewa sai da wahala. Ga ruwan sha kusa, ga ƙasar noma mai albarka. Aka kewaye garin da ganuwa. Abin lura a nan shi ne, Bello bai aiki wani bawansa ya zauna masa a bakin haɗari ba, shi da kansa ya bar Sakkwato ya tare can. A 1836 ya fita da rundunarsa, ya karya Gobirawa da mataimakansu a Gawakuke. Da shekara ta kewayo, a 1837, ya rasu a Wurno, aka binne shi nan. Har yau mutane suna zuwa ziyara hubbarensa daga ƙasashe masu nisa.

Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, shi ma Wurno ya fi zama. A zamaninsa ne, cikin 1853, wani Bature Bajamushe, Barth, wanda ake kira Abdulkarimu, ya sauka garin ya yi kwanaki, ya kuwa rubuta labarinsa. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Sarakunan Musulmi suka tabbata a Sakkwato. Hakimin Wurno shi ake kira Sarkin Sudan.

In ka gama ziyara, ka sauka fadama. Wurin da dā 'yan tsaro ke zuba ido suna jiran mahara, yanzu shinkafa ce da albasa da tafarnuwa. An gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, can sama da garin, ita ce ke riƙe ruwan gulbi ana sakinsa ga masu noman rani.