Zanen farashin albasa a shafin intanet

Wani mai sauraronmu daga Madawa yana tambaya: yaya zai sa zanen alƙaluma a manhajarsa ta farashin albasa?

To Malam, gwada Chart.js, ɗakin kayan aikin JavaScript na kyauta da ya fito a 2013. Ka tanadi gurbin canvas, wato wurin zane, a shafinka, ka ba Chart.js jeri biyu: sunayen watanni da farashin buhu da sefa. Zanen layi zai nuna faɗuwar farashi lokacin girbi da tashinsa da damina. Domin kwatanta kasuwannin Madawa, Buza da Keita kuwa, zanen sanduna ya fi. Ka rage yawan alƙaluman, saboda intanet na da rauni a karkara. Allah ya taimaka.