Ƙofar Ɗakin Matuƙa: Sai An Kira Kafin A Buɗe

'Yan uwana ɗalibai, mu da ke raka alhazai filin jirgin Dutse, ga abin da na karanto.

A Oktoban 1993 matasa huɗu suka ƙwace jirgin Nigeria Airways daga Legas zuwa Abuja, ya ƙare a Yamai. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka aka ƙarfafa ƙofar matuƙa, ana kulle ta.

Yanzu ko shayi ma'aikaciya ta kawo, sai ta kira matuƙi ta wayar cikin jirgi, ta faɗi ko wace ce. Shi kuma ya duba kyamara, ya tabbatar ba kowa a bayanta, sannan ya buɗe. To, in an hana ka tsayawa kusa da ƙofar, ba wulaƙanci ba ne, rayukanku ake karewa.