Tsokaci a Kan Ma'anonin Kalmar "Cold" da Matsalar Fassara ta Zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

Da yawanmu tun a firamare aka koya mana cewa "cold" ita ce sanyi, muka haddace, muka wuce. Wannan fassara daidai ce, sai dai ba ta game ba. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce nuna wa 'yan'uwa ɗalibai inda kalmomin biyu suka haɗu da inda suka raba hanya. Za a ɗauko misalai daga rayuwar Hausawa mazauna Fatakwal da Anaca da Inugu, domin su kullum cikin Turanci da Broka suke cinikinsu.

2.0 Ma'anar Yanayi

A nan kalmar sifa ce, wani lokaci kuma suna. Bature yana da kalma guda, Bahaushe kuwa yana da biyu: sanyi, mai zuwa da laima, da ɗari, busasshe mai zuwa da hunturu. A Kano, daren Disamba da Janairu kan sauka ƙasa da digiri 15. A Fatakwal kuwa da wuya ya yi ƙasa da 20, amma ruwan da ake yi a shekara ya haura milimita 2,000. Saboda haka idan ɗan Fatakwal ya ce garin ya yi "cold", yawanci sanyin damina yake nufi. Wanda ya fassara shi da ɗari ya kai hunturu inda ba shi da ƙarfi.

A lura kuma da ginin jimla. Bature cewa yake "I am cold", mu kuma "ina jin sanyi" ko "sanyi ya kama ni". Broka ta fi kusa da mu, domin a kasuwar Anaca abin da za ka ji shi ne "cold dey catch me".

3.0 Ma'anar Ciwo

Da zarar an sa ƙaramin harafin nan "a" a gabanta, ta tashi daga yanayi ta koma mura. "I have a cold" na nufin ina mura. A nan ne haɗari yake, domin a Hausa "ciwon sanyi" suna ne na sakaya ga cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa, akwai kuma sanyin ƙashi. A ƙaddara wani mai sayar da albasa a Gariki ta Inugu ya shiga kemis yana fama da ciwon sanyi, kunya ta sa ya juya kalmar kai tsaye ya ce yana da "cold". Maganin mura za a miƙo masa, ya biya kuɗi, ciwo kuma ya ci gaba da cinsa. Duk ɗalibin da zai yi tafinta a asibiti, ya riƙe wannan da kyau.

4.0 Ma'anar Hali

Wannan shi ne babban wurin rabuwa. A wurin Bahaushe sanyi abin yabo ne: mai sanyin hali, sanyin idaniya, raina ya yi sanyi, an sasanta cikin ruwan sanyi. A Turanci kuwa akasin haka ne. "A cold person" mutum ne marar sakin fuska, wanda ba ya jan mutane a jika. Idan ɗan kasuwa a titin Bida na Anaca ya so yabon maigidansa a gaban abokin cinikinsa Ibo, ya ce masa "my oga is a cold man", to ya kushe shi ne bai sani ba. Kalmomin da suka dace su ne "gentle" ko "calm".

Ana iya danganta wannan da muhalli. Wanda ya tashi cikin zafin bazara, inuwa da ruwan randa su ne rahama a gare shi. Wanda ya tashi a Ingila kuwa, sanyi ne abokin gabarsa, ɗumi ne abin nema. Shi ya sa suke cewa "warm welcome", mu kuma mu ce an tarbe shi hannu bibbiyu.

5.0 Adon Magana

Ga wasu misalai da fassarar da ta dace da su:

i. "Cold feet": sanyin gwiwa. A nan an yi dace, sai dai su ƙafa suka ambata, mu gwiwa.

ii. "Pour cold water on": kashe wa mutum gwiwa, ba kwantar masa da hankali ba.

iii. "In cold blood": kisan gilla, da gangan, babu tausayi.

iv. "Cold shoulder": share mutum, ko yin biris da shi.

v. "Cold War": Yaƙin Cacar Baka. Marubucin Ingila George Orwell ya yi amfani da kalmar a 1945, daga baya ta zama sunan zaman doya da manja tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat, wadda ta rushe a 1991. Da 'yan jaridarmu sun ce "yaƙin sanyi", da mai sauraro ya ɗauka da hunturu ake faɗa.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa ma'ana ake fassarawa, ba kalma ba. Kafin ka rubuta "sanyi", tambayi kanka: yanayi ake nufi, ko ciwo, ko hali? Ga ɗan aikin gwaji: a juya "ya amsa mini da sanyin murya" da "jikina ya yi sanyi da jin labarin" zuwa Turanci, ba tare da an yi amfani da "cold" ba. Allah Ya ƙara mana basira, amin.