Tafiyar Ƙafa Da Ambaton Allah

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya hore ta ga bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wani aiki ne wanda kowane mai lafiya yake yinsa kullum bai ɗauke shi a bakin komai ba, watau tafiya da ƙafa. Abin da ya jawo maganar shi ne wata al'ada da ta bazu a ƙasashen Turai da Amurka, har labarinta ya iso wa samari masu karance-karance. Mutum zai tashi ya riƙa takawa a hankali, bakinsa a rufe, yana lura da numfashinsa da yadda ƙafarsa take ɗagawa take sauka, domin ya sami natsuwar zuciya. Asalin al'adar daga addinin Buda take. Masu zuhudun wannan addini a Tailan da Bama da Jafan sukan yi ta tsakanin zama da zama na tunani, su yi ta kai da kawowa a ɗan gajeren fili. Wani malaminsu mutumin Biyetnam, Thich Nhat Hanh, wanda ya kafa zangonsa a Faransa a shekarar 1982, ya kuma mutu a 2022, yana cikin waɗanda suka fi yaɗa ta tsakanin Turawa. Tun a 1979 kuma wani masani, Jon Kabat-Zinn, ya shigar da irinta cikin shirin rage wa marasa lafiya damuwa a asibitin Jami'ar Massachusetts ta Amurka, bayan ya tuɓe mata rigar addini.

To, shin ya halatta Musulmi ya yi wannan? Amsar tana nan tafe. Amma ba ya kyautuwa mutum ya tafi aron kaya gidan maƙwabci tun bai buɗe adakar gidansu ya ga abin da aka bar masa gado ba.

Abin lura ne ƙwarai, a cikin Suratul Furƙan, aya ta 63, inda Allah Maɗaukakin Sarki ya soma lissafa siffofin bayinsa na gari, siffar da ya fara ambata ita ce tafiyarsu a bayan ƙasa cikin sauƙi da tawali'u. Tsayuwar dare ta biyo a aya ta 64, ciyarwa kuwa sai a ta 67. A Suratu Luƙman, aya ta 18 da ta 19, Luƙmanu ya hori ɗansa da kada ya yi tafiyar taƙama, ya tsakaita a cikin tafiyarsa, ya kuma sassauta muryarsa. Aya ta 37 ta Suratul Isra'i kuwa tana tunatar da mai taƙama cewa duk dukan ƙasar da zai yi ba zai tsaga ta ba, duk miƙewarsa kuma ba zai kai duwatsu tsawo ba.

Sai dai fa an sami masu kuskuren fahimta, waɗanda suka ɗauka tawali'u shi ne mutum ya langaɓe wuya ya riƙa jan ƙafa kamar wanda zazzaɓi ya kayar. Ibnu Kasir ya kore wannan a tafsirinsa, har ya kawo labarin Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, sa'ad da ya ga wani saurayi yana tafiya sanyi-sanyi. Ya tambaye shi ko ba shi da lafiya ne, saurayin ya ce lafiyarsa lau, sai Umar ya ɗaga masa bulala ya umarce shi ya taka da ƙarfi. Tafiyar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, kamar yadda Tirmizi ya tattara siffarta a cikin Shama'il, tafiya ce ta mai kuzari: yakan ciro ƙafarsa daga ƙasa sosai, ya karkata gaba kamar mai gangarowa daga tudu, dubansa zuwa ƙasa ya fi dubansa zuwa sama yawa, Abu Huraira kuwa ya ce bai ga wanda ya fi shi saurin tafiya ba. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya kasa tafiya kashi 10 a cikin Zadul Ma'ad, ya nuna wadda ta fi daidai ita ce ta Annabi, zama ta tsira daga tafiyar mai mataccen jiki, wanda yake kamar itacen da aka ɗauko, ta kuma tsira daga ta mai rawar kai, wanda yake kamar wawan raƙumi. Saboda haka natsuwar da Musulunci yake nema a zuciya da gaɓoɓi take, ba a yawan jinkirin taki ba.

Babbar makarantar wannan darasi ita ce hanyar masallaci, wadda mai kiyaye jam'i yake binta sau 5 a yini, tafiya da dawowa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ya kyautata alwala ya fita, ba abin da ya fitar da shi sai salla, to, kowane taki ana ɗaukaka masa daraja ana kankare masa zunubi. Banu Salima, wata ƙabila ta Madina mai nisa da masallaci, sun so su taso su tare kusa da shi, sai Annabi ya umarce su su zauna a gidajensu domin sawayensu ana rubuta su. Malaman tafsiri da yawa sukan kawo wannan labari a ƙarƙashin aya ta 12 ta Suratu Yasin, wadda ta yi maganar rubuta ayyukan mutane da gurabunsu. Muslim ya ruwaito kuma daga Ubayyu ɗan Ka'abu labarin wani mutum wanda gidansa ya fi na kowa nisa, amma jam'i ba ya wuce shi. Aka ba shi shawara ya sayi jaki saboda duhu da zafin rairayi, ya ce shi yana so ne a rubuta masa tafiyarsa da komawarsa ga iyalinsa, Annabi kuwa ya shaida masa Allah ya haɗa masa duka. A lura, har komawa gida ta shiga lissafi.

Wannan tafiya tana da ladabi, kuma nan ne mutane suka fi sakaci. Da an ji iƙama sai a ga dattawa da yara sun tattare riguna sun zura da gudu, a shiga sahu ana haki, a yi kabbara zuciya tana bugawa kamar ganga, raka'a ta wuce mutum bai san abin da liman ya karanta ba. Alhali kuwa Annabi ya hana a zo wa salla da gudu, ya ce a zo mata da tafiya cikin natsuwa, abin da aka riska a sallata, abin da ya kuɓuce a cika. A ruwayar Muslim da ta Muwaɗɗa an faɗi dalili, watau wanda ya nufi salla yana cikin salla ne tun yana hanya. Daga wannan dalili ne hadisin Ka'abu ɗan Ujra, na Abu Dawuda da Tirmizi, ya hana mai zuwa masallaci sarƙa yatsunsa. Malaman Malikiyya dai sun yi sauƙi ga ɗan ƙarin sauri wanda bai kai sassarfa ba, kamar yadda yake a Muhtasar na Shaihu Halil, kuma Imam Malik ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya ji iƙama yana Baƙi'a sai ya ƙara wa tafiyarsa sauri. Iyakar abin ke nan, a faɗaɗa taki, amma kada natsuwa ta tafi.

Me harshe da zuciya za su riƙa yi a kan hanya? Aya ta 191 ta Suratu Ali Imrana ta yabi masu hankali da abu biyu a haɗe, ambaton Allah a tsaye da zaune da kwance, da kuma tunani a kan halittar sammai da ƙasa. Nana A'isha ta ce Annabi yana ambaton Allah a dukan lokutansa. Jabir ya ce sahabbai idan sun hau tudu sukan yi kabbara, idan sun gangara sukan yi tasbihi, malamai kuma suka ce hikimar ita ce hawa yakan sa rai ya ji girma, sai a tuna masa da wanda ya fi girma. Ibnu Abbas ya ruwaito addu'ar da Annabi ya yi yana fita zuwa sallar asuba, yana roƙon haske a zuciyarsa da jinsa da ganinsa da gabansa da bayansa, ya kamata kuwa kowa ya nemi malami ya koya masa ita. Sa'an nan zikirin hanya a ɓoye ya fi, domin a wata tafiya da sahabbai suka ɗaga murya Annabi ya ce su sassauta wa kansu, ba kurma suke kira ba, ba kuma wanda ba ya nan ba. Shi zikiri ba a sharɗanta masa alwala ba, don haka mace mai haila a hanyar rijiya ko ta unguwa tana da rabonta cikakke.

Tunani kuwa ba ya bukatar littafi. Manomin da ya bi ta gonar da a watan jiya take fako, yau ga gero ya kai ƙugu, ya ga da idonsa misalin da Alƙur'ani yake yawan bugawa na tashin matattu. Wanda ya wuce ta gefen maƙabarta ko kangon gidan wani attajiri na da, shi ma an yi masa wa'azi kyauta. Amma aya ta 46 ta Suratul Hajji, bayan ta yi maganar tafiya a bayan ƙasa, ta nuna makantar da ake tsoro ita ce ta zuci. Wanda ya toshe kunnuwansa da waya ya kafe idanunsa a kanta, zai iya ratsa gari tun daga ƙofa har ƙofa bai ga komai ba.

Malaman tarbiyya sun daɗe da kula da wannan. Shaihu Abdulhaliƙ Gujdawani, mutumin yankin Buhara a ƙarni na 12, ya kafa wa almajiransa ƙa'idodi 8, Shaihu Baha'uddin Naƙshabandi, wanda ya rasu a 1389, ya ƙara 3 suka zama 11. Biyu daga cikinsu su ne kiyaye numfashi kada ya shiga ko ya fita cikin gafala, da ajiye ido a kan ƙafa lokacin tafiya, domin duk abin da ido ya kwaso a hanya zuciya ce take ɗawainiyarsa idan an tsaya salla. A bisa zahiri wannan ya yi kama da abin da Turawa suka aro, sai dai manufar daban take, gama abin da ake tsarewa a nan shi ne kada a manta da Allah.

Game da karatun Alƙur'ani a kan hanya, Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya rarrabe a cikin Risala. Mahayi da wanda yake kwance da mai tafiya daga gari zuwa gari suna iya karatu, amma an karhanta shi ga mai tafiya zuwa kasuwa, ko da yake an ce akwai sauƙi ga ɗalibi. Masu sharhi sun ba da dalilin ƙazantar hanyoyin cikin gari da yawan abin da yake ɗauke hankali. Gardin da yake tilawa tsakanin ƙauye da ƙauye yana kan daidai, wanda ya shiga cunkoson 'yan tebur kuwa gara ya koma ga tasbihi da istigfari da salati.

Kada kuma shagala da zikiri ta sa a danne haƙƙin hanya. Sunna ce mai tafiya ya yi wa na zaune sallama, amsa sallama kuwa wajibi ne, ba ya faɗuwa don mutum yana jan carbi. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya kawar da reshen ƙaya daga hanya Allah ya gafarta masa, kuma ba ya yiwuwa mutum ya kawar da abin da bai gani ba. Haka nan ba a neman wahalar da kai. Annabi ya ga wani tsoho 'ya'yansa biyu suna tallafe da shi saboda ya yi bakance zai tafi da ƙafa, sai ya ce Allah ba ya bukatar azabtar da kan da yake yi, ya umarce shi ya hau. Shi kansa Annabi yakan ziyarci masallacin Ƙuba, mai nisan kimanin kilomita 3 daga masallacinsa, kowace Asabar, wani lokaci da ƙafa wani lokaci a kan abin hawa.

Yanzu sai amsar tambayar da aka faro da ita. Tafiya a hankali da daidaita numfashi domin lafiyar jiki ko saukar da damuwa al'ada ce, asalin al'adu kuwa halacci ne. Wanda likita ya umarce shi da zagaye kowace safiya saboda hawan jini ko ciwon sukari, ya bi umarnin, ya kuma cika lokacin da zikirin safiya. Abin da bai halatta ba shi ne ɗauko kalmomin bautar wani addini, ko rusunawa ga gunki ko hoton malaminsu kamar yadda akan yi a wuraren ibadarsu, ko ƙudurta cewa wannan siffa ta tafiya ita kanta ibada ce mai kusantarwa ga Allah. Tafiyar da shari'a ta mayar ibada a kan kanta, mai adadi da wuri ƙayyadaddu, ita ce ɗawafi 7 a Ka'aba da sa'ayi 7 tsakanin Safa da Marwa. Wanda ya ga yin tasbihi ɗaya a kowane taki yana taimaka masa wajen tattara hankali, babu laifi ya yi, matuƙar bai jingina wannan tsari ga Annabi ba, bai kuma yanka masa wani lada na musamman ya riƙa koya wa mutane ba.