Kurciya a Bakin Taga: Hukuncin Sheƙa da Batun Camfi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, daga watan Afrilu har zuwa Satumba, mazauna University Heights da sauran unguwannin Bronx sukan wayi gari su tarar tsuntsu ya tara 'yan tsinke a bakin taga, ko a kan na'urar sanyaya ɗaki, ko a matakalar ƙarfe ta gudun gobara. Galibi kurciya ce irin ta Amurka, mai launin ƙasa-ƙasa, da dogon wutsiya mai tsini da ɗigo-ɗigon baƙi a fiffike. Tambayar da nake yawan ji ita ce: a cire sheƙar ko a bar ta? Amma na lura akwai wata tambayar da ake jin nauyin furtawa: me ya kawo ta gidana?

Zan fara da ta biyun, domin ita ce ta shafi aƙida. Bahaushe ya taso yana jin an ce wa wanda ya bar gari bai waiwayo ba “an yi masa kurciya”, wato an raba shi da gida ta hanyar sihiri. Mu da muka daɗe a ƙetare, kaɗan ne cikinmu ba a jefa wa wannan magana ba, ko da cikin raha. Saboda haka idan kurciya ta zaɓi tagar mutum, zuciya takan ɗarsa wani abu. Sannan ga kukanta, mai zurfi da sanyi, wanda da asuba mutane da yawa ke ɗauka kukan mujiya ne. Turawa ma saboda shi suka raɗa mata suna kurciyar makoki. Alhali namijin ne ke kiran mace.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya kore camfi da tsuntsaye, ya kuma ambaci “hama” a cikin abubuwan da ya kore. Imam Nawawi ya kawo cewa Imam Malik ya fassara ta da mujiya, wadda Larabawan jahiliyya ke cewa idan ta sauka a kan gida mutuwa take shela. To, idan ita mujiyar kanta ba ta ɗauke da labarin gaibu, ina ga kurciyar da ke neman inda iska ba za ta zubar mata da ƙwai ba? Sihiri akwai shi, kuma garkuwarsa azkar ne da Falaƙi da Nasi. Sai dai saukar tsuntsu ba hujja ba ce a kan kowa, kuma na ga yadda irin wannan zato ke kai mutum ga zargin ɗan uwansa da ke Kano ko Maraɗi a kan abin da bai ji ba bai gani ba. Akwai kuma masu karkata ɗaya gefen, su ce albarka ce ta sauka, suna kafa hujja da labarin tsuntsayen Kogon Saur. Labarin yana cikin littattafan sira, amma malaman hadisi da dama sun raunana isnadinsa.

Sai batun cirewa. Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata ƙaramar tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana kaɗa fiffike a ruɗe. Annabi (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya umarta a mayar mata da su. A lura, bai tsaya kan halascin naman ba. Baƙin cikin uwar ya duba. Suratul An'am, aya ta 38, ta koya mana cewa tsuntsaye al'ummu ne kamar mu.

Dokar ƙasar nan ta zo daidai da wannan. Dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918 ta haramta ɗauke sheƙar da ke da ƙwai ko 'ya'ya ba tare da izinin hukuma ba, kuma wannan kurciya tana cikin jerin. Jihar New York ma ba ta buɗe farautarta, ko da yake jihohi da yawa sun buɗe. Wanda ya saba harbinta da danko yana yaro ya san nan ba can ba ne.

Haƙurin da ake nema bai wuce na wata guda ba. Ƙwai biyu farare take sakawa. Kwanci kamar kwana 14 ne, kuma karɓa-karɓa suke yi: namiji da rana, mace daga yamma har safiya. Kamanninsu ɗaya, shi ya sa ake zaton uwa ce ta kwana ta wuni ba ci ba sha. Idan an ƙyanƙyashe, uba da uwa duka suna ciyar da 'ya'yan da wani ruwa mai kauri kamar kindirmo da ke fitowa daga wata jaka a maƙogwaronsu, kafin a hankali su koma ba su ƙwayar tsaba. Bayan kamar mako biyu sai su bar sheƙa.

A nan ne yaranmu ke shiga da kyakkyawar niyya su yi ɓarna. Ɗan kurciyar da ya yi gashi, aka gan shi a ƙasa yana tsalle, ba maraya ba ne. Uban na kusa, yana ci gaba da ciyar da shi. A bar shi, a kuma tsare kyanwa a ɗaki. Wanda ya ji rauni a fili kaɗai ake sakawa a kwali mai huji a kai shi Wild Bird Fund da ke titin Columbus a Manhattan, kuma kada a ɗura masa ruwa ko madara.

Wanda ba ya son ta sake dawowa yana da damarsa, domin takan maimaita wuri ɗaya fiye da sau ɗaya a shekara. Ya jira har sheƙar ta zama fanko, ya share, ya wanke da sabulu, sannan ya toshe gurbin da ke tsakanin taga da na'urar da raga. A matakalar gudun gobara kuwa kada a ɗora tukunyar fure ko kwando don a taimaka mata, domin dokar birni ta hana tare wannan hanya. Idan mai kula da gini ya zo zai share sheƙa mai ƙwai, a gaya masa cikin mutunci cewa doka ta kare ta, a kuma faɗa masa ranar da ake sa ran 'ya'yan za su tashi.