Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Zan Sa Baƙar Tagar Linux Ta Riƙa Tuna Umarnina?

Wani ɗalibi daga unguwar Farcha a N'Djamena ya aiko da tambaya. Ya sayi kwamfutar cinya ta hannu, an sa masa Ubuntu da Faransanci, malaminsu kuma ya ce su riƙa aiki a baƙar tagar nan da ake rubuta umarni. Yana so ya sani, shin wannan ba sana'ar masu kutse ba ce? Kuma me ya sa kullum sai ya sake rubuta dogon umarnin da ya rubuta jiya?

Sannu da ƙoƙari, ɗana, na ji daɗin tambayar nan. Ka kwantar da hankalinka, fina-finai ne suka ɓata wa tagar suna. Abin da ke cikinta manhaja ce da ake kira shel, wato tafinta tsakaninka da kwamfuta: ka rubuta buƙatarka, ta isar, ta dawo maka da amsa. Wadda ke kan Ubuntu sunanta Bash. Brian Fox ne ya rubuta ta don shirin GNU, ta fito a 1989, ta gaji wadda Stephen Bourne ya fitar a 1979. Akwai wasu, kamar Zsh da kamfanin Apple ya koma kanta a 2019, amma a ganina ka zauna da Bash tukuna har hannunka ya faɗa.

Abu na farko, ka daina rubuta suna har ƙarshe. Tunda na'urarka da Faransanci take, jakar abin da ka sauke daga intanet sunanta Téléchargements. Rubuta cd Té kawai ka danna Tab, ita za ta ƙarasa maka. Idan madannanka irin na AZERTY ne, kamar yawancin na Chadi, alamar ~ tana kan maɓallin 2, sai ka haɗa shi da AltGr. Wannan alama tana nufin jakarka ta gida, kuma za ka yi ta buƙatarta.

Game da umarnin jiya kuwa, Bash ba ta manta ba. Danna kibiyar sama za ka ga na baya suna dawowa ɗaya bayan ɗaya. Ko ka danna Ctrl da R tare, ka rubuta haruffa uku da ka tuna, ta nemo maka sauran.

Sai dai a nan akwai abin da ya shafe mu musamman. Bash tana riƙe umarnin da ka rubuta a ƙwaƙwalwar wucin gadi, ba ta zuba su a fayil sai ka rufe tagar. To idan aka ɗauke wuta da tsakar rana a zafin watan Afrilu, batirin tsohuwar kwamfuta kuma ba ya riƙe caji, aikin ranar ya tafi ke nan. Ina kyautata zaton abin da ke samunka ke nan. Maganinsa yana cikin wani ɓoyayyen fayil mai suna .bashrc, wanda Bash ke karantawa duk lokacin da ka buɗe sabuwar taga. Kafin ka taɓa shi, ka ajiye kwafi da cp ~/.bashrc ~/.bashrc.tsoho, domin ko ka yi kuskure kana da madogara. Sannan ka buɗe shi da nano ~/.bashrc, ka gangara can ƙasa ka ƙara wannan layi:

PROMPT_COMMAND="history -a"

Daga nan kowane umarni za a adana shi nan take.

A cikin fayil ɗin dai kana iya yi wa dogon umarni laƙabi. Idan ka rubuta alias sauke='wget -c', to duk saukarwar da ta yanke saboda tangarɗar layi, ka kira ta da sauke ta ci gaba daga inda ta tsaya, kuɗin data bai tafi a banza ba. Ina kuma roƙonka ka ƙara alias rm='rm -i'. Umarnin rm yana goge fayil gaba ɗaya, babu kwandon shara da za ka koma ka ɗauko, amma da wannan laƙabi sai ya tambaye ka kafin ya goge.

Idan ka gama, danna Ctrl da O, sai Enter ka adana, Ctrl da X ka fita, sannan ka rubuta source ~/.bashrc don gyaran ya fara aiki ba tare da ka rufe tagar ba.