Wasan Cinkar Ƙasa

Can da, in ƴan makarantar wata ƙasa suna son su san na wata ƙasa, sai su rubuta wasiƙa su kai gidan waya. Amsa takan yi makonni kafin ta iso. Yanzu da intanet, aji biyu suna iya ganin juna su yi magana, ko da teku ya raba su. Abin da ake bukata kwamfuta ko babbar waya, da wuta, da layi mai ƙarfi.

A shekara ta 2003 aka fito da Skype, hanyar kira ta intanet. Daga baya aka ƙara mata hoto. Malaman makaranta, musamman a Amurka, suka shirya wani wasa da ita, suka sa masa suna Mystery Skype, wato Skype na kacici-kacici. An rufe Skype a watan Mayu na 2025, amma ana iya yin wasan da Zoom ko WhatsApp.

Ga yadda ake yi. Malamai biyu su shirya a asirce. Su kaɗai suka san inda kowane aji yake. Ranar wasa, yara su zauna gaban na'ura, kowa da aikinsa. Wani ya yi gaisuwa, waɗansu su yi tambaya, waɗansu su duƙufa kan taswira, ɗaya kuma yana rubuta amsoshi a allo. Doka guda ce: amsar kowace tambaya "i" ce ko "a'a". Ajin da ya riga cinkar ƙasar ɗayan, shi ya ci.

A ce ajin Zinder ne ake nema. Yaran can suka tambaya: "Kuna arewa da Ekwatar?" Aka ce i. "A Afirka kuke?" I. "Ƙasarku tana bakin teku?" A'a. Nan da nan masu taswira suka soke Senegal da Gana da Najeriya. "Kogin Isa ya ratsa babban birninku?" I. To, nan fa sai hankali, domin kogin ya ratsa Yamai, ya kuma ratsa Bamako. Saura ƙasa biyu ke nan. Sai wata yarinya ta ce: "Kuna iyaka da Libiya?" In ƴan Zinder sun ce i, an gane Nijar ce, don Mali ba ta iyaka da Libiya.

Amma in ba su sani ba fa? In suka ce a'a bisa kuskure, sun ɓad da baƙinsu, wasa ya lalace, ga kunya. Nijar tana iyaka da ƙasashe 7: Aljeriya, Libiya, Cadi, Najeriya, Benin, Burkina Faso da Mali. Yaron da bai riƙe wannan ba, ba shi da ta cewa ranar wasa. Shi ya sa malami yakan fara da taswirar gida tun kafin a taɓa na'ura.

Akwai kuma maganar lokaci. Duniya tana juyawa digiri 15 cikin kowace awa, saboda haka rana ba ta fito wa kowa tare. In ƙarfe 9 na safe ta yi a Maraɗi, a Dakar ƙarfe 8 ne, a Nairobi 11, a Tokiyo kuwa 5 na yamma, yara sun tashi. Mai wayo yakan tambaya ko safiya ce can, ko ya leƙi hasken tagarsu.

Bayan an gane juna, sai hira ta ɓarke. A nuna abinci da tufafi, a koya wa juna gaisuwa. Wani ajin ya nuna ƙanƙara a bakin taga, wannan ya nuna zangarniyar hatsi da ƙwaryar fura. Wani abin yakan ba da dariya, amma malami yakan ja kunne tun farko: abincin mutane ba abin ba'a ba ne. Sau da yawa ma sai an yi wa baƙi bayani cewa Nijar dabam, Najeriya dabam.

Tambayoyi

1. Me ya sa tambayar kogin Isa ba ta isa a gane Nijar ba?
2. In ƙarfe 10 na safe ne a Tawa, ƙarfe nawa ne a Nairobi?
3. Ku rabu kashi biyu. Kowane kashi ya zaɓi ƙasa a asirce, ku yi wasan da taswirar aji.